Harshe Ɗaya, Rubutu Biyar: Tambayoyi da Amsoshi Kan Rigimar Konkani a Indiya

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan fitowa daga bakin ɗaliban nazarin harshe da masu fassara, da kuma 'yan uwanmu da karatu ko neman magani ya kai gaɓar tekun yammacin Indiya, suka tarar da mutane na wani yare da ba Hindi ba, suna kuma musu mai zafi kan yadda za a rubuta shi. An fara da masu sauƙi, masu nauyin suna gaba.

Wane harshe ne Konkani, kuma su wa ke jin sa?

Harshe ne na mutanen gaɓar tekun yammacin Indiya, dangin Hindi ne na nesa, Marathi kuma shi ne mafi kusa da shi. Cibiyarsa jihar Goa, wadda ita ce mafi ƙanƙantar jihohin Indiya a faɗin ƙasa. Ƙidayar 2011 ta nuna mutum kusan miliyan 2.26 ne suka ce shi ne harshen da suka tashi da shi. Abin lura shi ne waɗanda ke cikin Goa ba su kai miliyan ɗaya ba, wato fiye da rabin masu harshen a wajen jihar suke: kusan 790,000 a Karnataka, kusan 400,000 a Maharashtra, wasu dubbai kuma a Kerala.

Ba kuma al'umma ɗaya ba ce. Akwai mabiya addinin Hindu, akwai Kiristoci 'yan Katolika, akwai Musulmin Nawayath na garin Bhatkal, har da 'yan Siddi na dazukan arewacin Karnataka, waɗanda asalin kakanninsu daga Afirka ne.

Da gaske ne da haruffa iri biyar ake rubuta shi?

Gaskiya ne. Akwai Devanagari, haruffan da ake rubuta Hindi da Marathi da su, su ne kuma na hukuma a Goa. Akwai haruffan boko irin namu, waɗanda su suke kira Romi, 'yan Katolikan Goa ne suka fi riƙe su. A Karnataka da haruffan Kannada ake rubutawa, a Kerala an daɗe ana amfani da na Malayalam, Musulmin Bhatkal kuma da haruffan Larabci. Uku na farko ne ke da littattafai da jaridu masu yawa, su ne kuma ake rigima a kansu.

Romi na da nasa ƙa'idoji da ya gada daga Turawan Fotugal. Harafin x shi ke tsayawa a matsayin sh, ana kuma ninka t da d da n da l don nuna sautukan da ake naɗe harshe wajen furta su. Sunan jaridar mako-mako ta 'yan mishan na Pilar, Vauraddeancho Ixtt, wadda ke fitowa tun 1933, ya tattara uku daga cikinsu: x da dd da tt. Matsalar a aikace ita ce marubucin Mangaluru a Karnataka da marubucin Margao a Goa za su zauna su yi hira su fahimci juna, amma kowa ya miƙa wa ɗan uwansa littafinsa, sai kallo.

Me ya warwatsa su haka?

Mulkin Fotugal. Afonso de Albuquerque ya ci Goa da yaƙi a 1510, Turawan Fotugal kuma ba su bar ta ba sai Disamban 1961, shekara 451 ke nan. A ƙarni na 16 aka rushe wuraren bautar Hindu a yankunan da suke mulki, a 1560 kuma aka kafa kotun binciken aƙida ta coci, wadda ba a soke ta gaba ɗaya ba sai 1812. Mabiya Hindu da yawa suka kwashe gumakansu suka tsallaka kogi zuwa yankin Ponda da ba ya hannun Turawa a lokacin, wasu suka zarce kudu har Kochi a Kerala. Sababbin Kiristoci ma sun yi ƙaura, saboda takurar kotun da yunwa da yaƙe-yaƙe, su ne kakannin 'yan Katolikan Mangaluru na yau. Duk inda suka sauka sai suka ari haruffan masu masaukinsu.

Sai dai tarihin na da fuska biyu. 'Yan mishan na zamanin Fotugal su ne suka kawo injin ɗab'i Goa a 1556, kuma wani limamin coci ɗan Ingila, Thomas Stephens, ya rubuta littafin koyar da addini da Konkani da aka buga a 1622, da nahawun harshen da aka buga a 1640, duk da haruffan boko. Bayan nan iska ta juya: a 1684 gwamnan Fotugal ya ba da umarni cewa 'yan ƙasa su koma harshen Fotugal cikin shekara uku. Umarnin bai hana mutane magana a gida da kasuwa ba, amma ya kori harshen daga aji da ofis na tsawon lokaci.

Me ya sa wasu ke cewa Konkani karin harshen Marathi ne kawai?

Domin shekaru aru-aru mabiya Hindu na Goa da Konkani suke magana, da Marathi suke rubutu da ibada. Wasiƙa da Marathi, waƙar bauta da Marathi, makarantar farko da Marathi. Wanda ya tashi a haka, in ka ce masa abin da yake yi da mahaifiyarsa a kicin harshe ne mai zaman kansa, sai ya ga kamar wasa kake yi. Har wani gajeren rubutu da aka sassaƙa a gindin babban mutum-mutumin da ke garin Shravanabelagola a Karnataka a ƙarshen ƙarni na 10, masu Marathi na cewa nasu ne mafi tsufa, masu Konkani na cewa nasu ne.

A hukumance an rufe wannan babi a 1975, lokacin da Sahitya Akademi, hukumar adabi ta ƙasar Indiya, ta amince da Konkani a matsayin harshen adabi mai cin gashin kansa. A siyasance kuwa bai rufu ba. Har yau akwai masu neman a ba Marathi matsayi daidai da Konkani a Goa, kuma tsoron wannan ne ke ƙarƙashin rabin hujjojin da za a gani a amsar da ta shafi masu goyon bayan Devanagari.

Wane ne Shenoi Goembab da ake yawan ambata?

Sunan alƙalami ne na Vaman Raghunath Varde Valaulikar, wanda aka haifa a 1877 ya rasu a 1946. A Mumbai ya yi yawancin rayuwarsa, yana rubuta labarai da wasan kwaikwayo da tarihi da Konkani a zamanin da 'yan bokon garinsu ke jin kunyar a ji su suna yaren. Shi ake ɗauka uban adabin Konkani na zamani, ranar rasuwarsa kuma, 9 ga Afrilu, ita ake bikin ranar Konkani ta duniya. Karin harshen da ya yi rubutu da shi ya zama tubalin daidaitaccen Konkani, wanda shi ma wani abin rigimar ne, kamar yadda ya zo a amsar tambayar ko rikicin na addini ne.

Yaya aka yi ya zama harshen hukuma a Goa?

Da wuya aka samu. Bayan sojojin Indiya sun karɓe Goa a 1961, jam'iyyar da ta kafa gwamnatin farko ƙarƙashin Dayanand Bandodkar ta nemi a haɗe Goa da jihar Maharashtra, hujjarta kuwa ai harshensu ɗaya. Aka yi ƙuri'ar jin ra'ayi ranar 16 ga Janairu 1967, kusan kashi 54 cikin 100 suka ƙi. Da sun yarda, da maganar Konkani ta mutu a nan.

Shekara kusan 20 bayan haka aka fito kan titi neman a mai da shi harshen hukuma. Ƙungiyar Konkani Porjecho Avaz ce ta ja zanga-zangar 1986, marubuci Pundalik Naik na cikin jagororinta. A watan Disamban shekarar abin ya ƙazanta, aka rasa rayuka bakwai, na farkonsu wani saurayi ne mai suna Floriano Vaz da harsashin 'yan sanda ya samu a yankin Margao. Ranar 4 ga Fabrairu 1987 majalisa ta zartar da dokar harshen hukuma, ranar 30 ga Mayun shekarar Goa ta zama cikakkiyar jiha. A watan Agustan 1992 aka shigar da Konkani jerin harsunan da kundin tsarin mulkin Indiya ya amince da su, tare da Nepali da Manipuri. Shi ya sa za ka ga an rubuta darajar kuɗi da Konkani a bayan takardar rupi.

To tunda an yi nasara, rigimar mece ce kuma?

Tsugune ba ta ƙare ba, saboda jimla ɗaya da ke cikin dokar 1987. Dokar ta fassara abin da take nufi da Konkani, ta ce shi ne Konkani da aka rubuta da haruffan Devanagari. Ta kuma bar ƙofa a buɗe cewa ana iya amfani da Marathi a harkokin hukuma. Romi ba a ko ambace shi ba.

Yanzu a dubi waɗanda suka cika titi a 1986. Mafi yawansu 'yan Katolika ne na yankin Salcete a kudancin Goa da kewaye, mutanen da addu'arsu da waƙarsu da wasiƙunsu duk da Romi suke. Sun wayi gari harshensu ya hau kujera, amma cikin rigar da da yawansu ba sa iya karantawa. Tun daga nan ake ta neman a gyara dokar a saka Romi kusa da Devanagari, maganar takan kwanta ta sake tashi, musamman in zaɓe ya matso. Ta sake tashi da ƙarfi a 2024, inda tarukan ƙauyuka da dama suka zartar da ƙudurin goyon baya, gwamnatin jihar kuma ba ta taɓa dokar ba.

Mece ce hujjar masu cewa Devanagari kaɗai?

Hujjarsu ta girmi dokar. A 1939 wani lauya, Madhav Manjunath Shanbhag, ya kira taron farko na Konkani Parishad a garin Karwar da ke Karnataka ta yau, a nan aka tsayar da manufar harshe ɗaya, rubutu ɗaya, adabi ɗaya. Tunaninsu shi ne al'ummar da ta watsu cikin jihohi huɗu ba za ta taɓa samun adabi na bai ɗaya ba muddin kowa na rubutu da haruffan maƙwabcinsa. Suka ce Devanagari ne ya fi dacewa da sautukan harshen, ba kuma baƙo ba ne gare shi: a littafin tsirran magani na Hortus Malabaricus da aka buga a 1678, akwai shaidar da wasu masu maganin gargajiya uku na Kochi suka rubuta da Konkani cikin waɗannan haruffa. Suna kuma tuna wa abokan hamayya cewa duk yaron Indiya da ya yi Hindi a makaranta ya riga ya san haruffan.

Sai hujjar da ba a cika faɗa a kan mumbari ba amma ta fi kowace nauyi: in aka buɗe dokar 1987 don a saka Romi, masu Marathi za su shigo ta wannan ƙofar su nemi nasu, kuma suna da yawan da za su iya samu. Akwai malaman coci da marubuta Kiristoci da ke wannan ɓangare, don haka ba a raba layin da addini tsaf ba. Abin dariya ma, babbar cibiyar masu Romi, Dalgado Konknni Akademi, sunan limamin nan Sebastião Rodolfo Dalgado ta ɗauka, wanda ya wallafa ƙamus a 1893, shi kuwa Devanagari yake ganin ya fi dacewa da harshen.

Su kuma masu Romi fa?

Suna cewa a dubi inda harshen ke raye a rubuce. Littattafan Konkani na farko da aka buga da Romi ne. Jaridar Konkani ta farko, Udentechem Sallok, wadda Eduardo Bruno de Souza ya fara a Pune a 1889, da Romi ce. Littafin addu'ar coci, fassarar Baibul, allunan talla na wasan kwaikwayo, saƙon waya tsakanin ɗan Goa da ke aiki a Kuwaiti da iyalinsa, duk Romi. Suna tambaya: wane irin harshen hukuma ne wannan da mutum zai rubuta ƙorafi da shi yadda ya iya a ce ba shi ba ne?

Akwai maganar abinci a ciki. Sanin Konkani sharaɗi ne na samun aikin gwamnati a Goa, Konkanin da doka ta sani kuwa na Devanagari ne. Haka kujerun koyarwa da kwangilar fassara da littattafan makaranta. A ganina a nan hujjarsu ta fi ƙarfi. Manufar 1939 ta yi ma'ana a zamanin da ake ƙoƙarin tabbatar wa duniya cewa harshen ma akwai shi, amma shekara fiye da 80 sun wuce, masu Romi da masu Kannada ba su saki haruffansu ba, ba kuma alamar za su saki. Abin da manufar ta haifar shi ne marubuta masu lasisi da marasa lasisi a harshe ɗaya.

Ashe rikicin addini ne aka lulluɓe da rigar haruffa?

Addini na ciki, amma ba shi kaɗai ba. Akwai karin harshe, akwai kuma tsarin nan na Indiya da ke raba mutane aji-aji tun daga haihuwa. Konkanin littattafan makaranta an gina shi ne kan karin Antruz, wato yankin Ponda, yadda 'yan ajin Saraswat Brahmin, waɗanda ke ajin sama cikin mabiya Hindu, ke yin sa. 'Yan Katolika kuwa karin Bardez ko na Salcete suke yi, cike da kalmomin aro daga harshen Fotugal: coci igorz, kujera kodel, taga zonel. Yaron da ya taso da waɗannan ya shiga aji, ba haruffa kaɗai zai tarar baƙi ba, har kalmomin.

Ta ɗaya gefen kuma, talakawan Hindu da ba Brahmin ba sun daɗe suna zargin cewa fafutukar Konkani hanya ce ta ɗora karin manya a kan kowa, shi ya sa da yawansu suka rungumi Marathi. Kusurwa uku ke nan, kowace na tsoron haɗin bakin sauran biyun.

Mutanen Karnataka da Kerala ina suka tsaya?

Karnataka na da nata adabin mai kauri da haruffan Kannada. Jaridar Raknno ta cocin Mangaluru na fitowa tun 1938, gwamnatin jihar ta kafa cibiyar adabin Konkani a 1994, ana kuma iya ɗaukar harshen a matsayin darasin zaɓi a makarantu da haruffan Kannada ko na Devanagari. Ƙungiyar Mandd Sobhann da Eric Ozario ya jagoranci kafawa a 1986 ta yi fice wajen cewa duk haruffan daidai suke, kada a fifita ɗaya. Amma a nan ma akwai masu goyon bayan Devanagari, musamman cikin 'yan Saraswat.

A Kerala akasarin masu fafutuka sun karkata ga Devanagari tun da wuri. Daga Kochi ne N. Purushothama Mallaya ya yi ta aika takardun neman Sahitya Akademi ta amince da harshen.

Me ya sa kyautar Sahitya Akademi ke tayar da ƙura?

Saboda littafin da aka buga da Devanagari kaɗai ake dubawa. An fara ba Konkani kyautar a 1977, Ravindra Kelekar ne ya fara samu, shi ne kuma ya fara kawo wa harshen kyautar Jnanpith, mafi girma a adabin Indiya, ta shekarar 2006. Damodar Mauzo ya zama na biyu. Dukansu da Devanagari suke rubutu.

Marubutan Mangaluru sun ci kyautar Akademi, amma sai da suka juya littattafansu zuwa Devanagari, wato mutum ya biya kuɗin ɗab'i sau biyu: ɗaya don masu karanta shi, ɗaya don alƙalai. Masu adawa da wannan ƙa'ida sun kai maganar har kotu. Kyautar ba kuɗin kawai ba ce, ita ke sa a fassara littafi zuwa sauran harsunan Indiya a kuma saka shi a manhaja.

Su wa ke shirya tarukan adabi, kuma me ake yi a wurin?

Mafi daɗewa su ne na Akhil Bharatiya Konkani Parishad, ƙungiyar da ta samo asali daga taron Karwar na 1939. Tana yin babban taron ƙungiya da kuma taron adabi, ana kewayawa da su garuruwan Goa da Karnataka da Kerala da Maharashtra. Akwai Goa Konkani Akademi da gwamnati ta kafa a 1986, akwai Konkani Bhasha Mandal mai shirya bikin matasa, masu Romi kuma na yin nasu ta hannun Dalgado Akademi. A Mangaluru aka yi babban taron Konkani na duniya a Disamban 1995, wanda daga gare shi aka samu cibiyar Konkani ta duniya da ke garin.

Tsarin taron kusan ɗaya ne ko'ina. A kunna fitilar mai a buɗe taro, shugaban taro, wanda galibi dattijon marubuci ne da aka zaɓa don girmamawa, ya karanta dogon jawabi kan halin da harshe ke ciki. A yafa wa waɗanda ake karramawa mayafi a miƙa musu kwakwa. Sai zaman tattaunawa, sai zaman mawaƙa inda kowa ke tashi ya karanta waƙarsa, wanda shi ne ya fi cika. A waje kuma rumfunan littattafai, nan ne ɗan Kochi zai sayi abin da aka buga a Panaji, babban birnin Goa, wanda ba zai taɓa gani a kantin garinsu ba. Daga ƙarshe a karanta ƙudurori a miƙa wa gwamnati.

Me ake suka game da waɗannan taruka?

Na farko, cewa fuskoki ɗaya ne ke zagayawa, masu jawabi su ne masu sauraro. Na biyu, cewa kowane ɓangare na taronsa daban, sai ka ga an yi taron haɗin kan harshe ba tare da rabin masu harshen ba. In an gayyaci marubucin Romi ko na Kannada, wasu na ganin ado ne kawai, tunda ƙudurin rubutu ɗaya na nan daram. Na uku, dogaro da kuɗin gwamnati, wanda ke sa harshen masu jawabi ya yi laushi.

Duk da haka ba zan ce ɓata lokaci ba ne. Harshen da masu shi ba sa iya karanta juna, zaman da ake karanta waƙa da baki shi ne wuri guda da haruffa ba sa shiga tsakani.

Mene ne tiatr, kuma me ya haɗa shi da wannan magana?

Wasan kwaikwayon dandamali ne na 'yan Goa, an fara shi a Mumbai ranar 17 ga Afrilu 1892 ta hannun Lucazinho Ribeiro. Ana raba wasan kashi shida ko bakwai, tsakanin kowane kashi a saki labule, mawaƙi ya fito gabansa, 'yan kiɗa da kakaki irin na Turawa da ganguna na zaune a ƙasan dandamali. Waƙoƙin nan, kantaram, sau da yawa ba ruwansu da labarin wasan. A ciki ake caccakar minista, a yi habaici kan tsadar kifi ko sayar da filayen gado ga baƙi. Mutane na sayen tikiti da kuɗinsu su cika zaure a Margao da Panaji, 'yan wasan kuma na kai shi har Landan da ƙasashen Larabawa inda 'yan Goa ke aiki.

Da Romi ake rubuta tiatr. Shi ya sa masu Romi ke kafa hujja da shi: ga fannin da ke ciyar da kansa ba tare da jiran tallafi ba, amma an daɗe ana yi masa kallon nishaɗin talakawa, ba adabi ba. Sai a 2009 gwamnatin Goa ta kafa masa cibiya tasa.

Yara na koyon harshen a makaranta?

Nan ne abin ya fi ciwo. A 1990 gwamnatin Goa ta ce makarantun firamare masu koyarwa da harshen gida kaɗai za ta ba tallafi. Makarantun coci fiye da 100 suka koma Konkani da haruffan Devanagari. Iyaye da yawa ba su so ba, domin Turanci suke gani a matsayin tikitin aikin jirgin ruwa da na ƙasashen waje, masu hali suka kwashe 'ya'yansu zuwa makarantun kuɗi. A 2011 gwamnati ta buɗe tallafin ga masu koyarwa da Turanci, makarantun cocin suka koma Turanci, aka yi ta zanga-zanga ta ɓangarorin biyu. Makarantun firamaren gwamnati kuwa akasarinsu da Marathi suke koyarwa.

Jaridu ma haka. Goa na da jaridun kullum da dama na Marathi da na Turanci, amma Sunaparant, jaridar kullum ta Konkani da aka fara a 1987, ta rufe a 2015, daga baya Bhaangar Bhuin ta maye gurbinta. Ƙidaya kuma ta nuna masu harshen sun ragu daga kusan miliyan 2.49 a 2001 zuwa kusan miliyan 2.26 a 2011. Yayin da ake jayayya kan haruffa, Turanci ne ke kwashe yaran kowane ɓangare.

Kwamfuta ba za ta iya juya rubutun daga wannan haruffa zuwa wancan ba?

Tana iyawa, har akwai manhajar Konkanverter da aka yi don haka. Tsakanin Devanagari da Kannada abin na tafiya sumul, tunda tsarin haruffan iri ɗaya ne. Romi ne ke ba da wahala, don akwai wasulan da yake rubutawa yadda 'yan Goa ke furtawa, Devanagari kuma ba ya bambanta su a rubuce. Ko an juya haruffan daidai, karin harshen da kalmomin aro na nan yadda suke. Wikipedia ta Konkani da aka buɗe a 2015 ta zaɓi karɓar rubutu da haruffa fiye da ɗaya, Google Translate kuwa da ya saka harshen a 2022 Devanagari ya ɗauka. Manhaja ta rage ƙarfin hujjar cewa dole sai rubutu ɗaya kafin a karanta juna, amma ba ita za ta yanke wa zai samu aiki ko kyauta ba.

Wannan bai yi kama da boko da ajami a wurinmu ba?

Akwai kama. Mu ma muna da rubutu biyu, ɗaya hukuma ta ɗauka ta kai makaranta, ɗaya ya zauna a hannun malamai da almajirai, kuma duk wanda ya tuna surutun da aka yi lokacin da aka cire ajami daga ƙananan takardun naira a 2007 ya san haruffa ba zane ba ne kawai. Muna kuma da daidaitacciyar Hausa da aka gina kan karin Kano, wadda Basakkwace ko Badamagare ke karantawa yana jin ba haka yake faɗa ba. A shekarar da aka yi taron Karwar ma, 1939, aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya.

Bambancin shi ne a wurinmu mutum ɗaya kan iya duka biyun, ya yi allo da safe ya tafi boko, don haka rubutun bai raba mu gida biyu ba. A Konkani kowane rubutu na da al'ummarsa da addininsa da jiharsa. Mu kuma muna da yawan da zai ɗauki asarar rarrabuwa, su mutum miliyan biyu da 'yan kai ne.

Wanda ke son koyon harshen, da wane rubutu zai fara?

Ya danganta da inda zai zauna da abin da yake nema. Mai son karatun jami'a ko adabin da ake ba kyauta ko takardun gwamnatin Goa, Devanagari ne hanyarsa, zai kuma amfane shi a Hindi. Mai son hira da mutanen kudancin Goa da fahimtar waƙoƙin tiatr, Romi ya fi masa sauƙi tunda ya riga ya san haruffan, cibiyar Thomas Stephens da ke Porvorim kuma ta wallafa littattafan koyo. Ɗalibin da ke Mangaluru ko Udupi zai fi cin karo da haruffan Kannada a jaridu da allunan coci, ya kuma sani cewa a can harsunan Tulu da Kannada sun fi Konkani yawa a kasuwa, don haka ya fara tambayar abokin hirarsa wane yare yake yi kafin ya gwada gaisuwar da ya haddace.